Na'urar da Ta Yi Shiru a Ɗakin Naman Alhaji Mudi

Ku da kuke zuwa shagon nan kuna cewa a koya muku aikin ƙananan na'urori cikin wata guda, ku samu wuri ku zauna. Shekaranjiya wani daga cikinku ya ɗauki ɗan akwatin nan da bai fi kwalin ashana ba, ya jujjuya shi, ya ce ai manna shi kawai ake yi a bango, a buɗe waya a ga lamba. Ban yi masa musu ba, don mannawar ba ta cin minti biyar. Abin da ya sa min furfura shi ne ranar da lambar ta ƙi zuwa, mai kaya yana tsaye a kanka yana jira ka faɗa masa dalili.

Bari ku fara sanin halinsa. Ɗan akwatin nan barci ne sana'arsa. Batirin da ke cikinsa ɗan mitsitsi ne, kuma so ake ya yi shekaru yana aiki ba a taɓa shi ba, don haka ba ya ɓarnar ƙarfi. Duk bayan minti goma zai farka, ya auna sanyi ko zafin wurin, ya aika saƙo ta iska zuwa wata babbar na'ura da muke kira uwa, ya ɗan saurara ko za ta ce ta ji, sannan ya koma barcinsa. Uwar ce ke jone da intanet, ita ke tura labari zuwa wayar mai kaya. Ba za ka kira ɗan akwati ya amsa maka nan take ba, ba budurwarka ba ce. In kana da magana da shi, wurin uwa za ka bar sallahu, ka jira ya farka ya karɓa. A goshinsa akwai 'yar fitila. In ya aika saƙo uwa ta amsa, sai ta ƙifta kore sau ɗaya. In ya kira sau uku ba amsa, ta ƙifta ja sau uku, ya haƙura ya kwanta. Masu arahar da muke sayowa ba sa ajiye abin da suka auna, saƙon da bai isa ba ya tafi ke nan.

Ni ba da wannan na fara ba. Kawuna mai fataucin shanu ne ya taho da ni Fatakwal daga Zariya. Da ya ga ba ni da hannun kiwo, saniya ɗaya ma sai ta zagaya kasuwa da ni, sai ya kai ni wurin wani mai gyaran rediyo a Mile 2 Diobu, ana ce masa Oga Chike. Shekara huɗu na yi ina shaƙar hayaƙin dalma a shagonsa. Mutumin nan ba ya yarda da bakin mai kaya ko kaɗan. In ka kawo rediyo kana ta bayanin yadda ta faɗo daga kan tebur, ba ya ko ɗaga kai, sai ya ɗora mata wayoyin mita ja da baƙa, ya ce, "Meter no dey lie," wato mita ba ta ƙarya. Na haddace wannan magana tsaf. Da kasuwar rediyo ta mutu muka koma gyaran waya, daga nan na shiga sa wa motoci na'urar bin sawu, har aka fara shigo da waɗannan 'yan akwatuna masu barci. Duk inda na je da maganar Oga Chike nake tafiya, kuma ta yi min rana sau da yawa.

Kayan aikina ga su nan a jaka: mita, ƙarfen narka dalma, gam, kwamfuta, da wata 'yar na'ura mai eriya da nake jona wa kwamfutar, ita ke saurarar min iska ta nuna min ƙarfin muryar kowane akwati da lamba. Sai 'yar kujerar nan mai naɗewa da kuke yi wa dariya. Ku yi ta dariyarku. In ka canja abu ɗaya, sai ka jira minti goma kafin ka san ko ka yi daidai, in ba ka yi ba ka sake jiran wasu goman. Rabin aikin nan zama ne, kuma masu gajen haƙuri a nan suke faɗuwa. Akwai wata mai otal da na sa wa akwati a tankin ruwanta, ta nace sai ya riƙa magana kowane minti, wai ita ba ta sayi abu don ya zo ya yi mata barci ba. Na yi mata yadda take so. Batirin bai ga ƙarshen damina ba, ta bi unguwa tana cewa na sayar mata da jabu. Na kuma taɓa buɗe wani da ya mutu na tarar tsaka ta yi ƙwai a ciki. Irin waɗannan duk masu sauƙi ne, ido ma yana gano su.

Aikin da nake so ku ji shi ne na ɗakin sanyin Alhaji Mudi. Mahauci ne, mutumin Gusau, yana da ɗakin ajiyar nama a bayan kwata a nan Fatakwal, irin ɗakin nan da aka lulluɓe bangonsa da ƙarfe ciki da waje, injin sanyi na hurawa daga saman ƙofa. Otal-otal yake kai wa nama. Shekarar ce dizal ya yi tashin gwauron zabi, wuta kuwa sai a kwana uku ba a gan ta ba, kowa da janareta ya dogara. Alhaji yana so ko yana gida ko yana kasuwar shanu ya duba waya ya ga sanyin ɗakinsa, in ya fara ɗumi waya ta yi masa ƙara. Na sa akwati a bangon ƙurya, sama da kai kaɗan, don nan ne ya fi nisa da injin, nan ɗumi ke fara taruwa. Uwa kuma na ajiye ta a ofishinsa da ke kallon ƙofar ɗakin, da batirinta na ko-ta-kwana yadda ɗauke wuta ba zai kashe ta ba. Na san ƙarfe ba ya barin sigina ta ratsa, amma ta gefen ƙofa inda roba take tana samun wurin zurarewa. Na auna, muryar ba ƙarfi sosai, amma tana isa. Na ga kore sau da yawa, na kama hanyata.

Ba a yi sati ba Alhaji ya kira. Abin nan naka, in ji shi, da safe sai surutu, daga azahar kuma sai ya yi gum har wayewar gari. Gaskiya abin ya fi ba ni sha'awa fiye da damuwa, don na'ura in za ta lalace ba ta duba agogo. Na fara zargin batir, tunda sanyi yana kashe masa jiki. Na ce gobe ina nan zuwa bayan azahar. Na zo na tarar da ɗaki fes, an wanke daɓe, sai ƙugiyoyi suna reto. Na hau tsani na auna batir, lafiya lau. Na kafa kujerata cikin sanyin nan na yi awa biyu haƙorana na haɗuwa, kore kawai nake gani. Na canja batirin duk da haka. Karo na biyu na canja akwatin ɗungurungum. Karo na uku na canja wa uwa layin intanet, na bi maƙwabta da eriyata ko wani yana da na'urar da ke cika iska da hayaniya, ban samu komai ba. Duk ranar da na zo sai abu ya nutsu kamar ɗan makarantar da ya hango hedimasta. Ina barin wurin, kafin magariba, ya koma halinsa.

Mai kula da janaretan wurin wani dattijo ne, Baba Ishaya, mutumin Kudancin Kaduna. Ya fi shekara goma tare da Alhaji. Shi ke zuba mai, shi ke tayar da inji, makullin ofis na hannunsa, in an kawo nama kuma ya kama a rataye. Dattijon coci ne, mahauta na tsokanarsa da Fasto, shi kuma yana dariya yana ce musu su dai su yi ta yanka shi zai yi ta addu'a. Sannu da aiki kawai ke haɗa ni da shi.

Ana cikin haka wani otal ya yi odar naman babban biki. Aka yanka shanu aka cika ɗakin maƙil, Alhaji ya kulle ya tafi da makulli don kada a riƙa buɗewa sanyi na fita. Na'ura ta yi shirunta kamar yadda ta saba, shi kuma ya riga ya gaji da kirana, bai ko kula ba. Da aka buɗe ƙofa bayan kwana biyu, wari ne ya fara yi musu sallama. Fankar injin sanyin ta ƙone. Mai gyaran firji ya ce ko dai tsufa ne, ko kuma an riƙa kashe janareta ana kunnawa. Ba wanda ya ji rabin farko na maganarsa, na biyun kowa ya riƙe.

Aka kira ni. Na tarar mahauta sun taru a ƙofar ofis, idon Alhaji ya yi ja, Baba Ishaya na tsaye gefe riƙe da hularsa. Wani ya riga ya tsara yadda abin ya faru: a shekara irin wannan duk mai riƙe da jarkar dizal abin sa wa ido ne, wai Baba Ishaya ya kashe inji, ya sayar da mai, ya shiga ofis ya kwance wa uwa eriya yadda ba za ta kai ƙara ba. Alhaji ya tambaye ni ko kwance eriya zai sa abin ya yi shiru. Na ce zai sa. Ya ƙura min ido.

"Injiniya, tsakaninka da Allah, abin nan lalacewa yake yi ko hana shi ake yi?"

Ku ji amsar da na ba shi, don ban taɓa mantawa da ita ba. Na ce, "Alhaji, sau uku ina aunawa. Na'urata lafiyarta ƙalau. In ta yi shiru, to akwai abin da ya sa ta."

Ban ambaci sunan kowa ba, kuma na daɗe ina fakewa da hakan. Amma na san yadda za a ji maganar, kuma in za a faɗi gaskiya, sunana nake karewa. Baba Ishaya ya ce shi bai taɓa ɗibar ko cokali ɗaya na man Alhaji ba, inji kuma bai mutu ba ko na minti ɗaya. Ya so ya ƙara wata magana, hayaniya ta danne shi. Ran nan aka sallame shi da sunan ɓarawon mai.

Abin da ya ƙara ɗaure zancen, tun daga ranar na'ura ba ta sake yin shiru ba. Safe da yamma lamba na zuwa. Alhaji da kansa ya kira ni ya ce ka gani ko, na ce na gani. Sai dai wani abu ya ci gaba da yi min ƙaiƙayi. In mutum ne yake hana ta don ya saci mai, me ya sa tun daga azahar, lokacin da wurin ke cike da jama'a? Ai mai ɗauke-ɗauke sai an watse yake farawa. Na juya tambayar na rasa amsa, na ajiye ta na ci gaba da harkokina.

Watanni bayan haka wani aiki ya kai ni Anacha, kusa da Kasuwar Relief. Wata mata ce mai siton ruwan leda da lemo, tana so ta riƙa sanin zafin wurin don rufin kwano na gasa mata kaya. Na sa akwati a ƙurya, uwa a gaban shago, na zauna a kujerata ina kallon ƙarfin sigina a kwamfuta, sai ga mota ta kawo kaya. 'Yan dako suka fara jibge buhunan ruwa a tsakiyar siton. Akwati ya farka, lamba ta ɗan sauka, ban ɗauke ta komai ba. Suka ƙara jeri biyu, ya sake farkawa, ta ƙara sauka. Na gyara zama. Lokacin da tulin ya wuce kan mutum, kwamfuta ba ta ji komai ba, na zagaya baya na jira, fitila ta ƙifta ja sau uku. Na roƙi 'yan dakon su buɗe min 'yar hanya a tsakiya, suka dube ni sama da ƙasa, sai da na saya musu lemo suka yi. Bayan minti goma, kore. Na taɓa karanta cewa ruwa yana shanye irin wannan sigina, amma ni ruwan sama da kogi ne suke zo min a rai, ban taɓa kawo ruwan leda ba. Murna ta kama ni, na hau yi wa matar bayanin da ba ta tambaya ba, har na ji bakina yana cewa ai ko jikin mutum ma yawancinsa ruwa ne, haka nama. Nan take ɗakin naman Alhaji Mudi ya faɗo min a rai.

Washegari na hau motar Fatakwal ban gaya wa kowa ba. Wannan ne karo na farko da na je wurin Alhaji ba sanarwa. Na same shi bayan azahar, jini a daɓe, ɓarin shanu huɗu kacal rataye a gefe ɗaya. Ashe tun asarar nan ƙarfinsa ya ragu, bai ƙara cika ɗakin ba. Yana ganina ya hau faɗa, wai me ya hana ni kira, ga wuri kaca-kaca. Na ce da na kira fa? Ya ce ai da an yi yadda aka saba: a kai naman ajiya ɗakin maƙwabci, a wanke wuri, in na tafi a dawo da shi.

"Baƙo da farar riga da kwamfuta, mu bar shi yana kutsawa tsakanin nama yana shafar jini? Haba Injiniya, ai ba a yi mana wannan tarbiyya ba."

Na warware kujerata na zauna. Sau uku na zo neman cutar, sau uku ana kwashe min ita daga gabana saboda karamci. Ko ranar da na sa akwatin ma haka aka yi min.

Na ce masa ina so a cika ɗakin nan yanzu. Ya ce da wane naman? Na ce a aro. Ban taɓa jin an yi aron nama a kwata ba, amma Alhaji mutum ne mai jama'a, mahauta kuma akwai son ganin ƙwaƙwaf. Kowa ya saɓo nasa, yana yi masa alama da wuƙa kada ya ɓace. Na tsayar da mutum ɗaya a ƙurya ya sa wa fitila ido, aka tura ƙofa, ni ina waje da kwamfuta. Jeri ɗaya, kore. Jeri biyu, kore, amma lamba ta sauka. Kowane jeri sai an jira minti goma, mutanen da ba su iya tsayuwa wuri ɗaya ba suka yi tsit suna duba agogo. Da aka cika jeri na huɗu, na ciki ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce ja, sau uku. Janareta na ruri, eriya na wurinta, kowa na ganin ba wanda ya je kusa da ofis. Aka janye jeri ɗaya, kore ta dawo. Aka mayar, ja. Gyaran kansa bai ci awa ɗaya ba: na dawo da akwatin bakin ƙofa, na ja siririyar wayar awo zuwa ƙurya.

Alhaji ya cire hula yana share gumi a cikin sanyin nan. Ya ce shirun na'urar nan ne kaɗai hujjar da muka riƙe, ga shi ashe namansa ne ke toshe mata baki. Ya sa a kira duk wanda ya halarci ranar sallamar. A ƙofar ofis ɗin, daidai inda aka kira Baba Ishaya ɓarawo, ya ce ya zalunci bawan Allah, kowa ya shaida. Ni ma na faɗi nawa, ban rage ba, kuma kunyar da na ji ran nan ban taɓa jin irinta ba. Da aka bincika sai aka ce Baba Ishaya ya bar Fatakwal, don ba wanda zai ba mai irin wannan suna riƙon inji a garin. Yana Inugu wurin 'yarsa, a unguwar Asata.

Muka je ni da Alhaji. Muka same shi a ƙofar gida yana tsare wa 'yar tasa tireda, ya rame sosai. Ya miƙe ya gaishe mu cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen kwata ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya sa aka kawo ruwa. Alhaji ya sauko daga benci ya tsuguna, ya faɗi abin da ya faru, ya nemi gafara, ya ce aikinsa na nan yana jiransa. Baba Ishaya ya ce ya yafe tun tuni, don shi ma gafara yake nema wurin Ubangiji, amma maganar komawa a bar ta, ƙafarsa ba za ta iya taka ƙofar ofis ɗin nan ba.

Sai ni kuma na shiga abin da na iya. Na hau yi masa bayanin yadda nama ke shanye sigina, da buhunan ruwan Anacha, da jeri huɗu, har ina zana masa ɗakin a ƙasa da tsinke. Ya bar ni na gama.

"In ɗaki ya cika, ja sau uku," in ji shi. "In an kwashe, kore sau ɗaya. Tun satin farko na lura, in ina gyara rataya a ciki. Dalilin ne ban sani ba sai yau."

Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa?"

"Na gaya wa Alhaji, ya ce in bar wa masu ilimin abin." Alhaji ya sunkuyar da kai. Baba Ishaya ya juyo gare ni. "Kai kuma sau uku ka dawo, Injiniya. Daɓen nan akwai santsi, duk ukun ni na riƙe maka tsani. Ina ta jira ka tambaye ni."

Ya raka mu har bakin titi, ya tsayar mana da keke-napep, ya yi mana addu'ar sauka lafiya. Daga Inugu har Fatakwal ina ƙoƙarin tuno wanda ya riƙe min tsanin nan. Na tuna lambar da mita ta nuna, na tuna ƙugiyoyi, na tuna sanyin da ke shiga ta takalmina. Fuskarsa kam, har yau na kasa ganinta a wurin.